Yarinyar Da Ta Tsaya Kan Kakarta

"Mama ta ce a dakata da maganar auren."

Peni ne ya faɗa daga bakin ajin, ya ƙi ko kallonta. Allin da ke hannun Fuatino ya suɓuce ya faɗi.

"A dakata? Peni... me na yi?"

"Ke kika koya wa Sieni magana a tsaye?"

Sieni 'yarsa ce mai shekara huɗu. Uwarta ta rasu tun tana jinjira, mahaifiyarsa Mama Telesia ce ta raine ta. Fuatino kuwa kwalejin malamai ta birnin Apia ce ta turo ta ƙauyensu da ke tsibirin Savai'i koyarwar gwaji, ta dawo da Turanci fal baki da kai a kumbure. Dokarta a ajin 'yan ƙananan guda ce: mai magana ya miƙe tsaye, ya kalle ta cikin ido, ya yi da Turanci.

"Haka aka koya mana," ta ce. "Yaro ya saki jiki, ya..."

"Ta saki jiki kam. Jiya fasto da dattawa na zaune kan tabarma, ta zo ta tsaya ƙiƙam a kan Mama, ta zuba mata ido, tana zuba Turanci. Mama ta ce zauna, yarinyar ta ce Malama ta ce masu zama ba su iya komai ba."

Fuatino ita da kanta ba ta taɓa yi wa babba magana a tsaye cikin gida ba, ko giftawa za ta yi sai ta sunkuya.

"Masoyi, ai yarinya ce..."

"Mama ta yi kuka, Tino. Ta ce ta binne uwar yarinyar, yanzu kuma ana raba ta da 'yar tana raye. Ina sonki, kin sani. Amma uwata ce."

Ya juya ya tafi. Ta zauna kan 'yar kujerar yara ta yi kuka mai isarta.

Da farko haushi ta ji. Ita da ke so yaran nan su yi gogayya da 'ya'yan birni, ita ce mai laifi? Sai washegari ta lura da wani yaro da ya wuni bai ce uffan ba. Ta tsuguna kusa da shi, ta tambaye shi da harshen gida. Nan take bakinsa ya buɗe, har da labarin kaguwar da ya kama. Ashe ba daƙiƙi ba ne, tsayuwar ce ke ba shi kunya.

Ta ture kujeru gefe, ta shimfiɗa tabarmi. Ta riƙa faɗin abu da harshen gida, sannan ta bi shi da Turanci, kowa a zaune.

A haka mai duba su daga kwaleji ta same su.

"Wannan aji ne ko hirar tsofaffi? Kin san zan rage miki maki?"

"Na sani, Malama. Amma gida za su koma in an tashi."

An kuwa rage. Peni kuma shiru, ko saƙo babu.

Ranar Lahadi bayan coci ta nufi gidan su Peni. Mama Telesia na zaune tana saƙar tabarma. Fuatino ta shiga a sunkuye, ta zauna can gefe, ta tanƙwashe ƙafa, kanta a ƙasa.

"Mama, na yi kuskure. Ku yafe mini."

Tsohuwar ba ta ɗago ba. Peni na jingine da ginshiƙi, idanunsa sun yi ja.

Sai ga Sieni a guje. "Malama!" Ta yi turus a tsakiyar gida, ta dubi kakarta, ta dubi Fuatino. A hankali ta sulale ta zauna, ta naɗe 'yan ƙafafunta.

"Kaka," ta ce da harshen gida, murya ƙasa-ƙasa, "in faɗa miki sunan tabarma da Turanci?"

Hannun tsohuwar ya tsaya. Ta daɗe tana kallon yarinyar, hawaye na bin kuncinta.

"Anjima kya faɗa mini," ta ce, sannan ta dubi Fuatino. "Tashi ki kawo wa uwarki ruwan kwakwa, ta sha rana."