Baƙin Ƙarfin da Ke Tura Taurari

"Kayan lefenmu munka zo ɗauka. An fasa auren ga!"

Rauda ta miƙe zumbur.

Hajiya Atu, mahaifiyar saurayinta Mannir, ta taso tun daga Fakku har Tambuwal, ko gaisuwa ba ta amsa ba. A bayanta Bashira ce, 'yar ƙaninta, wadda ta daɗe da ƙyalla ido a kan Mannir.

"Inna, mi na yi?"

"Bashira, kunna mata!"

Muryar Rauda ta fito daga wayar Bashira: "...baƙin ƙarfi ne, ba a ganinsa, shi ke raba su. Taurari nake bi..."

"Duban bokaye da raba tsakani!" Hajiya ta tafa hannu. "Abin da kika koyo jami'a ke nan?"

Sai yanzu Rauda ta gane dalilin zuwan Bashira ranar Juma'a, tana ta tambayar karatunta da fara'a.

"Wallahi Inna ban san gaibu ba!" Hawaye suka ɓalle mata. "Taurari garke-garke suke. Garken da ke maƙwabtaka da namu, nauyi ya riƙe mu tare. Ƙananan da ke can gefe kuwa, wani ƙarfi da Allah Ya sa cikin sarari na ƙara tura su nesa. Gudunsu nake aunawa da lissafi, shi ke nan!"

"Daɗin baki!"

Ƙarar babur ta tsaya a ƙofar gida. Mannir, wanda ya ji labari ya biyo su, ya yi sallama yana haki.

"Sanyin idona, bar kuka... Inna, don Allah a saurari maganar har ƙarshe."

Bashira ta cusa wayar cikin hijabi.

"Ba ni nan," in ji Hajiya.

Bayanin Rauda ya zubo tiryan-tiryan, har da aya kan halittar sammai. Can sai takun tafiya, sai muryar Bashira tana dariya, ashe ta manta ba ta kashe ɗaukar ba: "Na samu abin kai ma Gwaggo. Mannir ya zama nawa!"



Rauda ta share fuska.

"Inna, ina son ɗanki. Amma karatun ga ba ni bari."

Hajiya ta matso kusa da ita.

"Wa ya ce ki bari, ɗiyata?"

Sannan ta juya ga Mannir tana nuna Bashira.

"Mai da wagga gidan ubanta. Ni nan zan kwana, da ni da uwar Rauda muna da ranar biki da za mu tsaida."