Kyanwar da Ba Ta Cin Tuwo

Can da daɗewa, a wani gari na bakin kogi, an yi wata yarinya mai akuya ɗaya tak. Ran nan wani falke ya sauka da ƙatuwar kyanwa daga ƙasa mai nisa, gashinta buzu-buzu. Yarinya ta gani, ta nace.

Uwarta ta ce, "Ke 'yar nan, kin tambayi abin da take ci?"

Ta ce, "Inna, kyanwa ai kyanwa ce." Ta ba da akuyarta, ta rungumo kyanwa.

To, aka ba kyanwa tuwo, ta ƙi. Aka ba ta ɗumame, ta ƙi. Ɓera ya gifta, ta kau da kai. Ita sai kifi. Ta fara ramewa.

Ƙawaye suka ce, "Kai ta daji ki huta."

Yarinya ta kai ta bakin daji, ta ajiye. Kyanwa ta zauna tana kallonta, abar tausayi, ko fara ba ta iya kamawa ba. Yarinya ta yi tsaye, ta yi tsaye, sannan ta ɗauko ta.

Tun daga ranar, kullum tana bakin kogi tana gyara wa masunta kifi, su ba ta kawuna. Ƙawaye na gaɗa, ita tana fama da ƙarni. Kyanwa kuwa ta murmure.

Wata ƙawa ta shafa gashin, ta ce, "Ni ma ina so. Nawa take?"

Yarinya ta buɗe hannuwanta da ƙayar kifi ta sossoke, ta ce, "Biyo ni kogi gobe da sassafe, ki ga kuɗinta."