Baƙi Arba'in da Ɗaya a Shafin Hajjo

Ana kiran sallar magariba a Gwarinpa dutsen farko ya faɗo kan rufin gidan Hajjo. Tana tsakar gida tana rufe kwalaben humra, ta ce yaran maƙwabta ne. Na biyu ya sauka, na uku ya biyo baya. Ta leƙa bayan katanga, babu ko kare, unguwar ta yi tsit.

Hajjo Bazazzagiya ce mai sayar da turaren wuta da humra. A shekarun nan da kasuwa ke ci a Abuja, 'yarta Mashkura ta buɗe mata shafin intanet don matan ma'aikatu su riƙa yin oda daga ofis. Komai lafiya lau, har ranar da Hajjo ta san fulogin, wato 'yan ƙananan manhajojin da ake liƙa wa shafi don ya ƙaro wani aiki. Ita kuwa ba ta iya ganin abin kyauta ta wuce. In ta ga shafin wata yana zubo furanni, sai ta ce, "Mashkura, sa mini." In ta ji wani yana kiɗa, "Sa mini." Yarinyar ta sha faɗa mata shafin ya yi nauyi, wasu ma ba a san wanda ya ƙera su ba. Hajjo ta ce gidan arziki ba ya korar baƙo. Da haka suka kai arba'in da ɗaya.

Da jifan ya lafa ta shiga ɗaki. Mashkura na zaune gaban kwamfuta, shafin yana ta juyi ya ƙi buɗewa, ita kuma ko ƙifta ido ba ta yi.

"Ke, tashi ki yi alwala."

Bakin yarinyar ya motsa, amma muryar wani ƙaton namiji ce ta fito. "Wa kike nufi a cikinmu?"

Kwana uku Mashkura ba ci ba sha. A asibiti aka ce ba a ga komai ba. Kowace magariba jifa, sai muryoyi suna cacar baki a maƙogwaronta kamar 'yan haya a bakin famfo. Tsoro ya hana Hajjo ko kuka.

Rana ta huɗu aka ɗauko Malam Badaruddeen daga Apo, dattijo mai ruƙiyya, marar yawan magana. Ya zauna ya yi ta karatu har gumi ya jiƙa masa hula, sannan ya ce, "Wa ya ba ku izinin shiga jikin baiwar Allah?"

"Ba katanga muka haura ba," in ji muryar. "Ƙofa aka buɗe mana. Aka danna mu da almuru, ba bisimilla, ba a tambayi daga ina muke ba. Wadda ta gayyato ita za ta sallama, ɗaya bayan ɗaya."

Malam ya sa Hajjo ta zauna gaban jerin sunayen fulogin a kwamfutar. "Hajiya, ni ban san kwamfuta ba, amma na san ɗaukar ɗan aiki. Kowanne ki tambaya: ɗan gidan wa ne? Me yake yi a nan? Yaushe rabon masu shi su waiwaye shi? Wanda ba shi da amsa, ya fita."

Ta fara gogewa. Mai furanni ya tafi, mai kiɗa ya bi shi. Uku masu aiki iri ɗaya, ta bar ɗaya. Duk wanda ta goge sai Mashkura ta zabura, murya guda ta ragu. Aka bar huɗu da aka san asalinsu: mai karɓar oda, mai gadin shafi, mai ajiye kwafi, da mai rage nauyin hotuna. Saura na ƙarshe, wanda ba shi da sunan maƙeri ko kwanan wata.

Nan muryar ta yi laushi. "Hajjo, ni ki bar ni. Ni ne nake rubuta miki mutum dubu uku sun leƙo shafinki yau. Zan sakar miki 'yarki da rana, magariba kawai nake so."

"Mutum dubu ukun su wane ne?" in ji Malam.

Aka yi wata doguwar dariya. "Dangina ne."

Hoton wannan adadin Hajjo ke ɗauka a waya tana tura wa 'yan'uwanta a Zariya, waɗanda suka ce ba za ta yi wata shida a Abuja ba. Yatsanta ya tsaya a sama. Abin kunya ne, amma gaskiya ce: ta yi tunani. Malam kuwa kallonta kawai yake.

Ta ce bisimilla, ta danna ta goge shi.

Wata iska ta buga labule, Mashkura ta yi atishawa sau uku ta zube a tabarma. Shafin ya buɗe nan take. Hajjo ta rarrafa ta rungume ta, sai yanzu kukan ya zo.

Yarinyar ta buɗe ido, ta daɗe tana kallon mahaifiyarta. Da muryarta ta gaskiya, a dishe, ta ce, "Mama, ina jin komai fa. Kin daɗe kafin ki danna."