Sai Tayar Baya Ta Suɗe

Ranar da wani bakanike ya fara ganin Auta, yana durƙushe a bayan babur ɗin babanta, hannu duk baƙin mai. Ƙaton babur ne na doguwar tafiya, mai akwati hagu da dama, wanda in ya faɗi sai mutum uku sun taru a kansa. Tayar baya aka kawo canjawa.

Ya ɗaga shi a jak, ya cire akwatunan, ya sauke salansa, wato bututun hayaƙi, ya kwance noti. Yana shafa wa bakin sabuwar tayar ruwan sabulu ke nan ta shigo shagon riƙe da hular kwanon babanta.

"Sannu da aiki. Wai har taya ma wanka ake mata?"

"In ba a lallaɓa ta ba, ba ta shiga," ya ce, ya ɗago kai. Shi ke nan, bawan Allah ya nemi hankalinsa ya rasa.

Irin wannan taya tana da kibiya a gefe, mai nuna inda za ta juya. In aka sa ta a baibai zanenta ba ya korar ruwa, ranar da aka yi ruwan sama santsi ya kwashe mutum. Shekara tara yana aikin bai taɓa kuskurewa ba. Ran nan kuwa ya sa ta a baibai, ya kuma karɓi lambar wayarta.

Wata biyu suna soyayya, ita tana ce masa Bakanikena, shi yana ce mata Gimbiya. Ranar da ya je gaida Baba, mahaifinta, ya ci ado, sai idonsa ya faɗa kan babur ɗin a tsakar gida. Kibiya tana kallon baya. Babu wanda ya lura, ga damina ta kusa.

"Baba," ya ce bayan gaisuwa, "tayar nan a baibai na sa ta. A ba ni izini in gyara."

Baba ya je ya duba, ya daɗe a sunkuye.

"Jiya na goya 'yata a kan wannan. Wanda bai iya duba kibiya ba shi zan ba amanar mutum? Gyara ka fita. Na rantse ba zan ƙara kallon fuskarka ba sai tayar nan ta suɗe."

Ya gyara, ya fita, adon duk ya ɓaci.

Da farko sun yi haƙuri, tunda Baba matafiyi ne, a shekara yakan cinye taya. Sai ga ciwon gwiwa ya kwantar da shi. Likita ya hana shi hawa, aka lulluɓe babur da tamfol. To, taya a ajiye yaushe za ta suɗe? Sai a waya masoyan ke jin muryar juna.

"Bakanikena, yau ma na ɗaga tamfol na duba. Sabuwa ce fil. Na yi kuka har na gaji."

"Gimbiya, ni na ɓata da hannuna. Kar ki saɓa wa Baba saboda ni."

Ɗan aminin Baba, mai ƙatuwar mota, ya fara sintiri a gidan. Wata rana Bakanike ya hango Auta a motar, ashe asibiti suka kai Baba, amma babu wanda ya gaya masa. Ya rubuta mata: "Allah ya sa shi ne alheri. Na haƙura." Ya daina ɗaga wayarta. Ita kuma ta daina cin abinci, ta rame sai idanu. Wallahi abin tausayi, kowa ya ɗauka magana ta mutu.

Wata safiya Baba ya yaye tamfol, ya ɗaure gwiwarsa da bandeji, ya hau ya fita. Gobe ma haka, jibi ma haka. Ya dawo da yamma yana ɗingishi, Mama tana gasa masa ƙafa tana faɗa.

"Kashe kanka za ka yi? Ina kake zuwa ne?"

"Babu ruwanki."

Auta ta ɗauka ganin fuskarta ne ba ya so. Wata bakwai ana haka.

Wata rana da hantsi Bakanike ya ji ƙarar injin da ba zai taɓa mantawa ba. Baba ne, Auta a bayansa. Da ƙyar tsohon ya sauko, sai da ta riƙe shi. Tayar baya ta suɗe sumul kamar tafin hannu.

"Ni ba na karya rantsuwa," Baba ya ce, yana kallonsa ido cikin ido. "Ba na kuma iya kallon 'yata tana ƙarewa. Da ka yi shiru ran nan, da ban taɓa sani ba. Canja min taya, ka duba kibiya. Iyayenka su zo su same ni."

Auta ta durƙusa ta kama gwiwar da ta kumbura, ta fashe da kuka. Bakanike kuwa sau uku yana duba kibiyar, hawaye sun hana shi ganinta.

Bayan wata ɗaya aka ɗaura aure. Baba ya sa musu albarka daga kan kujera, don gwiwar ba ta ƙara ɗaukarsa ba. Ya miƙa wa ango makullin babur ɗin.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. In za ka goya ta, ka tafi a hankali."