Ranar da Aka Tsayar da Nafaƙar Dalal

Ruƙayyatu na zaune a ƙasan falo tana cusa turaren wuta cikin kwalabe, sai 'yarta Dalal ta dawo daga jami'a. Ta jefa abaya kan kujera, ta tsaya ta ƙi zama.

"Ummi, Abuya ya kira ni."

"To."

"Ya ce Juma'ar nan zai zo da takardar sulhu. Wai tunda na shiga aji biyu, ga kuɗin mukafa'a jami'a na ba mu duk wata, yana so a tsayar da nafaƙar da yake kawo miki. Ya'ani, abin da nake buƙata ya zama tsakanina da shi kawai."

Ruƙayyatu ta murɗa murfin kwalba, ta jera ta cikin 'yan'uwanta.

"Ummi, ba za ki ce komai ba?"

"Me zan ce? Kin girma. Miƙo min wancan murfin."

Shekara tara ke nan da Mukhtaru, baban Dalal, ya sake ta, saki ɗaya, ba don ya daina sonta ba. Mahaifiyarsa ce, Hajiya Asma, ta tasa shi gaba. Su 'yan ƙasa ne, gidansu a unguwar Zahir, nan cikin Makka. Iyayen Ruƙayyatu kuwa ta Chadi suka shigo, har yau iƙama, takardar zaman baƙi, ce a hannunsu. Hajiya ta kafe cewa jinsiyya, wato takardar zama 'yar ƙasa, da dukiya yarinyar ta biyo, sai ka ce kakannin nasu duka ba hanya ɗaya suka tako da ƙafa ba.

Tun daga nan, Juma'ar farko ta kowane wata, bayan an sauko daga masallaci, Mukhtaru zai hau bene hawa uku a unguwar Mansur ya ƙwanƙwasa ƙofa. Duk duniya ta koma tura kuɗi ta waya, shi dai ambulan. Ita tana bayan ƙofa, shi yana waje.

"Ummu Dalal, kuna lafiya?"

"Lafiya lau, Abu Dalal. An gode."

Minti biyu ne, bai taɓa kai uku ba. Bai yi aure ba, ita ma ta kori duk wanda ya zo. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, amma minti biyun nan su ke riƙe da ita daga wata zuwa wata. Sana'arta na ciyar da su, ba ambulan ɗin take jira ba, muryar take jira. Yanzu ga takarda za ta ɗauke masa dalilin hawowa.

Ta zaci za ta yi kuka, bai zo ba. Kwana uku tana dafa abinci tana ci ba ta jin gishirinsa. Masu saye suka zo suka tafi, ta ba wata mata humra a maimakon turaren wuta, sai da matar ta dawo da ita. Dalal ta bi ta kicin.

"Ummi, idan ba kya so, halas, shi ke nan, kada ki sa hannu. Ba dole ba ne fa. Ko in tura masa mesej?"

"Kada ki kuskura. So kike a ce har yanzu kuɗinsu nake bi?"

Ranar Juma'a yayanta Tsoho ya zo don ya zama shaida. Karon farko a shekara tara, Mukhtaru ya tako cikin falon. Ta kalle shi ta cikin niƙabi, ta ga furfurar da ba ta san ya yi ba. Dalal ta zuba shayi, babu wanda ya taɓa. Tsoho ya karanta takardar a fili, ya miƙo mata biro. Ta sa hannu kamar mai karɓar saƙon maƙwabciya.

Mukhtaru ya ninke takardar, amma bai tashi ba. Ya juya ga Tsoho.

"Yaya Tsoho, ka shaida daga yau babu riyal ɗina ko ɗaya da ke shiga hannunta?"

"Na shaida."

"To, na zo neman aurenta."

Ruƙayyatu ta ji maganar sarai, sai dai ta ƙi shiga kanta.

"Abu Dalal, wasa ka zo yi da ni a gaban 'yata?"

"Wallahi a'a. Ke ce kika rantse. Ranar da kike kwashe kaya, a gaban Hajiya kika ce: wallahi muddin riyal ɗinka na shiga hannuna, ƙafata ba za ta sake taka gidanka ba. Haƙƙin Dalal kuma ba zan iya yanke shi tana ƙarama ba. Shi ya sa na jira."

Ta lalubo ranar a ranta da ƙyar. Ta tuna kukan Dalal, ta tuna akwatin da ya ƙi rufuwa. Rantsuwar kuwa ta faɗe ta ne cikin zafin rai, ta manta da ita tun kafin idda ta cika.

"Hajiya fa?" ta tambaya a hankali.

"Hajiya ta sauko tun shekara shida. Ita ke ce min kullum in dawo da ke kafin ta mutu."

Tsoho ya ajiye tasbaharsa. "Shekara shida? Mukhtaru, a Makka aka haife ka, ba ka san kaffara ba? Miskinai goma za ta ciyar, shi ke nan."

"Faranti goma na shinkafa, Abuya," in ji Dalal. "Ni da kaina sai in dafa."

Mukhtaru ya sunkuyar da kai. "Na sani. Amma rantsuwar tata ce, ba tawa ba. Duk zuwa ina cewa yau zan tambaye ta, da ta ce 'an gode' sai in ga kamar korata take yi."

"Ni kuma ina faɗa ne don kada ka ji muryata ta karye."

Ruƙayyatu ba ta san za ta faɗi haka ba sai da ya fito. A nan abin da ya daskare mata tsawon kwana uku ya narke, ta kifa kai a cinyar Dalal ta yi kukan da har maƙwabta suka ji.

Bayan mako biyu aka ɗaura aure. Hajiya Asma ta sa aka ɗauko ta a keken marasa lafiya har ƙasan benen, ta riƙe hannun Ruƙayyatu ta ce, "Yafe min, 'yata, na zalunce ki." Ta yafe.

Iyaye su ji tsoron Allah kada su raba masu son juna saboda takardar zama. Mai fushi ya kama bakinsa daga rantsuwa, mai haƙuri kuma ya san cewa shiru ba ya cikin sharuɗɗan haƙuri. Allah ya saka wa Mukhtaru da Ruƙayyatu, sun koma ɗaki ɗaya. Amma shekara shidan nan, babu wanda ya mayar musu.