Safar Hannun Gershon

Da safiyar Litinin Gershon ya buɗe jakarsa ya tarar babu tsohuwar safar hannun.

Ya zazzage komai a kan gado. Takalman wasa suna nan, fasfo yana nan, sabuwar safar da bai taɓa wasa da ita ba tana nan cikin ledarta. Tsohuwar ce kawai babu, da ƙwallon da yake ɗaurewa a cikinta, da ɗan gwangwanin man da yake shafa mata. Ya duba ƙofar ɗakin. Ba a taɓa kwaɗon ba.

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana buga besbol a ƙasashen waje, wasan da ake dukan ƙwallo da sanda a cafe da safar fata. Aikinsa tsaron cikin fili, inda ƙwallo ke zuwa da ƙarfi a ƙasa. Bai taɓa shiga manyan ƙungiyoyi ba. Ƙananan ne suka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu, wannan ta sallame shi, waccan ta ɗauke shi don wani ya ji rauni. Yanzu wata ƙungiya a arewacin Meziko ta kira shi gwaji, kuma ya san daga wannan babu wani. Ranar Alhamis zai bar Kafanchan. Sabuwar safa tana cin watanni kafin ta yi laushi ta san hannun mai ita.

Sajan Mijinyawa, maƙwabcinsu, yana wanke babur a ƙofar gida. Ya saurare shi har ƙarshe.

"Safar hannu," in ji Sajan. "Ta hagu ko ta dama?"

"Guda ɗaya ake sawa."

"To ka sa ɗayar mana."

Gershon ya juya ya koma ciki kafin bakinsa ya ja masa tsiya.

Mutum uku ne ke iya taɓa makullin ɗakin ko safar. Ya fara da Yafet, ɗan ƙanin babansa, mai acaɓa, wanda ya san duk mai sayen kayan da ba a tambayar asalinsu. Ya same shi a bakin kasuwa.

"Ka shiga ɗakina jiya da muna coci?"

"Na shiga. Na ɗauki caja."

"Sai me?"

"Sai na fita. Broda, in sata zan yi, ga takalmi, ga waya. Wannan baƙar fata mai wari wa zai saya? Ko da zan ɗauka ai duka biyun zan haɗa. Wa ke sayen safa wari ɗaya?"

Gershon ya bar shi. Yafet har yau bai san cewa dukansu biyun na hannun hagu ne ba. Wanda bai san wannan ba, ba zai san wacce ce mai amfani ba.

Na biyu Ishmael, mai gyaran takalmi a kusa da tashar jirgin ƙasa, wanda ya sake wa tsohuwar safar igiya makon jiya.

"Kai ka san darajarta," in ji Gershon.

"Na sani, tunda ka tsaya a kaina kamar zan yi wa uwarka tiyata." Ishmael bai ɗago daga ɗinkinsa ba. "Asabar da Lahadi ina Kachia wurin bikin ƙanwata, ka tambayi duk wanda ka ga dama. Kuma ni fata nake gani. Sabuwar ta fi. Me aka ɗauka tare da ita?"

"Ƙwallon. Da gwangwanin mai."

"Ɓarawo mai kirki ke nan."

Gershon ya tsaya cak a bakin rumfar. Mai sayarwa ba ya ɗaukar mai. Mai ƙonawa ma ba ya ɗauka. Wanda ya ɗauki mai, hannunsa ne ya saba: ba ya ɗaga kayan aiki ya bar man da ake shafa masa.

Theresa, yayarsa, tana tsinke ganyen rama a tsakar gida lokacin da ya dawo. Ita ce ta uku.

"Sista, wa ya fita daga coci kafin a tashi jiya?"

"Ni ina cikin mawaƙan coci, kowa ya gan ni."

"Ban ce ke ba. Na ce wa?"

Ta ci gaba da tsinke ganyen. Sai can ta ce, "Ka bi shi a hankali. Ya tsufa."

Baba Azariya, mahaifinsu, yana zaune a bayan gida kusa da akwatin ƙarfensa. Shekara talatin ya yi yana gyaran injin jirgin ƙasa. Jiragen sun daina zuwa, amma har yau yana fito da sifanoninsa ya goge su ya shafa musu mai ya mayar.

"Baba, buɗe akwatin."

"Ba ka iya gaisuwa ba? Haka ake yi a can?"

"Ina kwana, Baba. Buɗe akwatin."

"Me ya sa nawa?"

"An buɗe ɗakin da makulli. An bar sabuwa an ɗauki tsohuwa, wato an san wacce nake wasa da ita. An haɗa da gwangwanin mai. Shekarar da na dawo da kafaɗa a ɗaure, kai ka riƙa shafa wa safar man nan. A gidan nan mutum ɗaya ne ba ya iya ɗaukar kayan aiki ya bar mai a baya. Kuma jiya ka ce cikinka na ciwo, ka fita ana tsakiyar wa'azi."

Tsohon ya ajiye sifanar da ke hannunsa.

"Da mamanka ta mutu kana ina?"

"Ba wannan na tambaya ba."

"Kana zaune a bencin 'yan jiran canji. Theresa ta faɗa mini. Ko wasan ma ba a sa ka ba ranar. Muka binne ta, kai kana waya." Muryarsa ba ta tashi ba. "Ƙungiya nawa ta kore ka? Yanzu kuma za ka je wata ta kore ka. Ni ba za a binne ni da waya ba."

"Rayuwata ce."

"Ita ma tata ce, ta ƙare tana jiranka."

Gershon ya durƙusa ya ɓalle akwatin da kansa. Safar tana ƙasa, a naɗe cikin tsumma. Tun kafin ya warware ya ji warin. Baƙin man inji ne. Ya jiƙa fatar har ciki, yana ɗiga daga sabuwar igiyar. Ya zura hannunsa. Ta yi nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo, yatsun suka lanƙwashe suka faɗi. Ba za ta ƙara riƙe ƙwallo ba. Gwangwanin nasa yana gefe, ko buɗe shi ba a yi ba.

"Da farko ɓoyewa kawai na yi niyya, har Alhamis ta wuce," in ji Baba Azariya. "Sai na tuna kai ɗana ne. Za ka gano."

Gershon ya miƙe. Man yana gangarowa ta wuyan hannunsa zuwa gwiwar hannu.

"Shekara talatin kana aiki da mai, Baba. Ka san abin da wannan ke yi wa fata."

Tsohon ya ɗauki sifana ya ci gaba da gogewa.

"Na sani," ya ce.