Ƙofar da Sieni Ba Ta Kulle Ba

"Sieni, buɗe mini!"

Niko ne, jaka a kafaɗa, gumi na tsiyaya a goshinsa, don da gudu ya taho daga garejinsa. Layin motocin da ke shiga jirgin ruwa a tashar Salelologa ya riga ya fara motsi. Ya kai hannu ga mariƙin ƙofar fasinja, ta hagun motar Sieni, ke nan, sai aka ji ƙwas! Makullan motar duka suka faɗa.

Sieni ta danna maɓallin buɗewa. Shiru.

Ta sake dannawa, ta ja mariƙin tata ƙofar, ta gwada sauke gilashi. Babu wanda ya motsa.

"Ba ni ba ce! Niko, na rantse ba ni ba ce!"

Ina! Injin jirgi na ruri, gilashi a rufe. Abin da kawai idonsa ya nuna masa shi ne hannunta a kan maɓalli.

Daidai nan yayanta Uelese ya ratso mutane yana haki.

"To ka gani da idonka, mai baƙin mai! Ƙanwata ta dawo hayyacinta. Gidan sarauta ta fito, ba gindin mota ba!"

Masu sayar da gwaza suka kwashe da dariya. A tsibirin nan kuwa namiji ya gwammace a sare shi da adda da a yi masa dariya a tasha. Niko ya saki mariƙin a hankali. Ya dube ta sau ɗaya ta cikin gilashin, ya juya.

"Niko...!"

Motocin baya suka cika wurin da hon, ma'aikacin jirgi yana dukan bonet yana cewa ta matsa. Ba hanyar juyawa. Haka ta hau jirgin nan tana kuka kamar ranta zai fita.

Shirinsu ba wani sabon abu ba ne. Tun da mahaifinta ya rasu Uelese ya gaji sarautar gidan, ya rantse ba zai ba bakanike ƙanwarsa ba. Sai suka ɗauki tsohuwar hanyar masoyan ƙasar: a tsallaka teku zuwa Apia, fasto ya ɗaura aure, dangi su yi fushinsu su gaji, ɗan fari ya zo ya sasanta kowa. Ƙofar mota ce ta wargaza wannan duka.

A tsakiyar teku aka sake jin ƙwas, ƙofofi uku suka buɗe da kansu. Ta hagu, wadda Niko ya riƙe, ba ta ƙara buɗuwa ba.

Ta kira shi har batirin wayarta ya mutu. Da ta yi caji ta tura saƙo: ƙofar ce ta kulle kanta. Amsa ɗaya ta samu.

"Ni na duba motar nan da hannuna kafin tafiyar, lafiyarta ƙalau. Kuma Meleane ta gaya mini abin da kika ce mata."

Meleane! 'Yar ƙanwar mahaifiyarta, aminiyarta tun suna wankan rafi. A jajibirin tafiya Sieni ta kwantar da kai a cinyarta tana hawaye, ta ce tana tsoron barin Mama ita kaɗai. Iyakar abin da ta ce ke nan. Meleane ta ɗauke shi da zafinsa ta kai wa Niko, bayan ta barbaɗa masa gishirin da ya ishe shi.

Sieni ba ta koma gida ba. Ta koma ta ce me? Ta kama ɗaki a bayan kasuwar Apia, ta samu aiki a wani kantin magani. Ta dafa gwazarta ta ci ita kaɗai. Ranar Lahadi bayan coci, lokacin da kowane gida ke shimfiɗa ganyen ayaba ana cin abinci a taru, ita sai ta tuƙa motar zuwa bakin teku, ta zauna tana kallon inda tsibirinsu yake kamar hayaƙi. Kaɗaici ya ci ta ƙwarai, har ta koyi yi wa kujerar hagu magana.

"Yau wata tsohuwa ta zage ni a kanti," takan ce. "Da kana nan da ka yi dariya."

Abokan aikinta sun gaji da zagayawa su shiga ta baya.

"Ke wai gareji ne babu a Apia? Ki kai a gyara mana!"

"Zan kai."

Ba ta da niyyar kaiwa. Ƙofar nan ce kaɗai ta ga abin da ya faru. In wani bakanike ya taɓa ta, shaidarta ta tafi.

Rannan Mama ta kira, tana magana ƙasa-ƙasa.

"'Yata, gidan su Meleane sun fara fito da tabarmin aure."

"Da wa?"

"Da Niko."

Washegari Sieni ta hau jirgi.

Garejin Niko rumfar kwano ce a gindin mangwaro, a bakin hanyar ƙauyensu. La'asar ta yi sanyi lokacin da ta tsaya. Ya fito daga ƙarƙashin wata mota yana goge hannu, ya rame, kuma bai yarda idonsu ya haɗu ba.

"Na kawo mota gyara," ta ce.

"Akwai gareji a Apia."

"Kai na kawo wa."

"Me ya same ta?"

"Ka fi kowa sani."

Ya cije haƙora. Amma bakanike ba ya korar mota, ko ta maƙiyinsa ce. Ya karɓi makulli da yatsu biyu don kada hannunsu ya gamu. Ya buɗe ƙofar direba, ya durƙusa ya ciro fiyus, ya ɗaga shi a haske.

"Wannan lafiya lau."

Ya danna maɓalli. Ƙofofi uku suka amsa. Ya zagaya ya manna kunne a jikin ta hagu.

"Danna."

Ta danna.

"Sake."

Ta sake. Wani siririn kuka kamar na sauro ya fito daga cikin ƙofar, ya mutu.

"Wuta na zuwa," ya ce. "Ɗan injin da ke tura makullin ne ya ƙone, ya maƙale a kulle. Sai an cire kujera an kwance bangon ƙofar ta ciki."

"Ka ga ke nan! Ba na gaya maka ba?"

Sai yanzu ya dube ta.

"Wannan ya nuna makulli ya ƙone bayan ya kulle, Sieni. Bai nuna wanda ya danna shi ba."

Ta adana ƙofar nan kamar ƙwai, ta tsallako teku da ita, ga shi a gaban alƙali ta ƙi buɗe baki.

"A'a, baƙi muka yi?"

Meleane ce, da kwandon abinci a hannu da fure a kunne, tana tafe tana rangwaɗa.

"'Yar birni! Ashe kina tunawa da mu. Angona, ga kifi da madarar kwakwa, ka ci da zafinsa. Shi kuma wannan gwangwanin ka bar shi, mai shi ta iya kullewa, ai za ta iya buɗewa."

"Kin ci amanata, Meleane."

"Ni na tsince shi a tasha kina cikin jirgi. Abin da aka yar ai ba sata ba ne."

Sieni ta buɗe baki za ta mayar, sai ƙahon addu'ar yamma ya tashi daga tsakiyar ƙauye.

Kowa ya san doka. In an busa, duk inda kake ka zauna, ba tafiya, ba magana, har sai an busa na sallama. Samarin ƙauye masu fararen riguna sun riga sun jeru a bakin hanya, kuma tarar wanda ya karya ba wasa ba ce. Meleane ta zauna a benci tana hura hanci. Sieni ta zauna a kan tsohuwar taya, can nesa da motar. Niko ya zauna a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa, makullin a tafin hannunsa. Ƙofar direba tana nan a buɗe yadda ya bar ta.

Daga gidaje waƙar yabo ta fara tashi a hankali. Sieni ta sunkuyar da kai. Ba ta ma san abin da za ta roƙa ba. Ta yanke dai in an busa na sallama za ta karɓi makullinta ta koma ɗakinta na bayan kasuwa.

Iskar teku ta taso, ta ɗan tura ƙofar direba.

Ƙwas!

Niko ya ɗago kai.

Ba kowa a kusa da motar. Ya dubi makullin da ke hannunsa, ya dubi Sieni a kan tayarta, hannayenta biyu a cinya.

Iska ta sake kaɗa ƙofar. Ƙwas, makullai suka buɗe. Ƙwas, suka kulle.

Ya yunƙura zai tashi, wani mai farar riga ya zare masa ido daga bakin hanya. Ya koma ya zauna. Ba damar magana, ba damar gudu, ba damar kawo hujja. Dole ya zauna ya saurari ƙofar tana maimaita masa abin da ya ƙi ji daga bakin Sieni. Ita kuwa ta zuba masa ido, tana kallon girman kan nan yana narkewa daga fuskarsa har idonsa ya kawo ruwa.

Ana busa na sallama ya miƙe da gudu. Ya durƙusa a gindin ƙofar direba, ya janye baƙar robar da wayoyi ke bi daga jikin mota zuwa cikin ƙofa. Ga su nan, biyu sun saɓule, gishirin teku ya mayar da su kore, suna gogar juna. A tsakaninsu wata jar waya ta ratsa, sabuwa.

Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

"Wannan..." ya taɓa jar wayar. "Wayar lasifikar da na sa miki ce. Don mu ji waƙa a jirgi. Da sukurdireba na tura ta, na yanki na kusa da ita ban sani ba."

Ya zauna daɓas a ƙasa.

"Ni ne, Sieni. Ni na kulle kaina a waje."

"Angona, abinci zai huce," in ji Meleane.

"Meleane, ta ce miki ba za ta tafi da ni ba?"

"Ta... ta yi kuka dai."

"Ta ce, ko ba ta ce ba?"

Meleane ta ɗauki kwandonta. Ta kai bakin hanya furen ya faɗo daga kunnenta, ba ta tsaya ɗauka ba.

Niko ya koma kan motar. Ya kwance kujerar hagu, ya kwanta a ƙasan motar ya ɓamɓare bangon ƙofar, ya zura hannu har kafaɗa yana lalube. Ƙarfe ya yanke shi, bai kula ba. Can ya kamo sandar makullin ya ja, aka ji ta saki. Ya naɗe wayoyin, ya mayar da kujera.

Sa'an nan ya fito ya tsaya a gabanta, jini da baƙin mai a hannunsa.

"Gobe da asuba zan je ƙofar gidan su Meleane in zauna, in lulluɓa da tabarma irin ta masu neman gafara, in ce na fasa auren, har su yafe mini ko su kore ni. Daga nan in je gaban Uelese, ba ta tasha ba, ta ƙofar gida. Amma ke fa? Ke da me zan lulluɓa?"

"Na kira ka har wayata ta mutu, Niko."

"Na sani."

"Ka yarda da aikin hannunka, ka ƙi yarda da ni."

"Na sani, kurciyata..."

Sunan nan ya karya ta. Rabonta da jin sa tun ranar tasha. Ta share ido, ta karɓi makulli, wannan karon da dukan hannunta, ta shiga ta zauna a mazaunin direba.

Niko ya zagaya ta hagu ya tsaya. Bai taɓa mariƙin ba. Ya mayar da hannayensa baya yana jira.

Ta bar shi ya ɗan tsaya, don shi ma ya ɗanɗana.

Sai ta miƙa hannu ta tsallake kujerar da ta daɗe tana yi wa hira, ta ja mariƙin ciki. Ƙofar ta yi ƙara irin ta abin da ya manta yadda ake buɗuwa, ta buɗe.

"Shigo," ta ce. "Ina da labarai da yawa, duk kujerar nan na ba."